Ƙarfen kare gefen mota: na noti ko na walda?

Ƙarfen kare gefe bututu ne mai kauri da ake kafawa ƙarƙashin ƙofofin Hilux ko Land Cruiser, tsakanin tayar gaba da ta baya. In mota ta hau dutse, shi ke shan bugun, jikin mota ya tsira. Amma sai an kama shi da shasi, wato ƙashin da ke ɗauke da motar. In a jikin gwangwani aka maƙala shi, matakala ce kawai.

Na noti ana ɗaure shi, ana kwance shi in ya lanƙwashe. Matsalarsa gargada: hanyar ƙauye irin ta Zermu tana sassauta noti, dole direba ya riƙa bi da sifana.

Na walda ba ya motsi, kuma masu walda a Damagaram sun iya aikin. Sai dai wuta tana cin fentin shasi, tsatsa ta samu ƙofa, in zafi ya yi yawa kuma ƙarfen shasin ya raunana. A cire batir kafin a fara. Ranar cire ƙarfen kuwa sai yanka.

Mai niyyar sayar da motarsa, na noti ya fi masa. Direban da kullum yake bin hanyar Tanut da Agadas, walda a hannun gwani.