Turmi Sha Lugude

A garin da na tashi, ba carar zakara kaɗai ke tayar da mutane ba. Da an idar da sallar asuba sai ka ji tabarya ta faɗa turmi daga wani gida can bayan masallaci, jim kaɗan wata ta amsa mata daga gidan maƙwabta, kafin hantsi ya dubi ludayi unguwa duk ta ɗauka. Muna yara, daga kan tabarma muke gane mai daka. Dakan Goggo nauyi gare shi, ba ta garaje, kowane bugu sai ya zauna kafin ta ɗaga na gaba. Na amaryar Baffa kuwa sauri-sauri ne, kamar wadda aka ce ana jiran ta a ƙofar gida. In wata safiya ba a ji tabaryar wani gida ba, Inna takan aiki yaro ya je ya dubo ko lafiya.

Wanda bai taɓa ciyar da gidan mutum ashirin da ƙarfin damtse ba, ba zai san abin da ake nufi da daka ba. Gero yana fitowa daga rumbu a daminsa, a yi sussuka a raba tsaba da zangarniya, a sheƙe a iska, a yayyafa ruwa a surfe, a bakace dusa a faifai, a wanke, a shanya ya sha iska, sannan a koma turmi a daka gari, a tankaɗe, tsakin da ya rage a sake mayar da shi. In fura ce, bayan an cura an dafa akwai kirɓi yana jira. Kullum ne wannan, rani da damina, ba ranar hutu. Da a ce mace za ta fuskanci aikin nan baki a rufe, tana ƙirga bugu ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfinta ya ƙare tun ba a kai rabi ba. Sai matan Hausawa suka mayar da shi kiɗa, kuma a ganina wannan na daga cikin manyan hikimomin da muka gada ba tare da mun tsaya mun yaba ba.

A lugude ne abin ya fi fitowa fili. Mata biyu ko uku, wani lokaci har huɗu, su kewaye turmi guda, kowacce da tabaryarta. Bakin turmin bai wuce ya ɗauki tabarya ɗaya a lokaci guda ba, saboda haka dole wannan ta fita kafin waccan ta shiga. In aka saɓa, tabare su gwabzu, hatsi ya watse, wata ma ta fasa yatsa. Kiɗan shi ne ke tsare kowa a layinta. Ana farawa a hankali, sai hannu ya yi ɗumi, sai babbar cikinsu ta ɗan ƙara wuta, sauran su bi. Daga nan gwaninta ke shigowa: mace ta cilla tabarya sama, ta tafa sau ɗaya ko sau biyu, ta cafe ta tana saukowa, ta zuba ta cikin turmi daidai lokacin da ya kamata, ko ƙiftawar ido ba ta makara ba. Wata ta riƙa gogar gefen turmi da tabarya tsakanin bugu da bugu don ya ba da wani sauti na daban. Ƙafa tana takawa, ƙugu yana juyawa, goyon da ke baya ya yi barci saboda jijjigar ta ishe shi lallashi.

Na taɓa tsayawa kusa da Goggo ranar dakan bikin Yaya, ina riƙe mata da faifai. Zufa na bin wuyanta, ɗankwalin ya zame ya koma ƙeya, idonta a lumshe kamar mai tuna wani abu mai daɗi. Matar nan ko a gidan biki ba ta shiga fili. In makaɗa suka matsa mata sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ita ta girma. Amma ga ta a gaban turmi tana rawar da babu budurwar da za ta iya. Da aka sauke na ce, "Goggo, ashe kin iya rawa?" Ta harare ni ta ce, "Kai, tafi can, wa ya ce maka rawa nake? Daka nake." Na daɗe ina juya wannan amsa. Kunya ta hana matar aure taka rawa a dandali, to amma ba wanda zai ce da mai daka ta tsayar da jikinta. A inuwar aiki ta samu abin da al'ada ta hana ta a sarari, kuma kowa a gidan ya san haka, ba wanda ya taɓa faɗa.

Niƙa kuma halinsa daban. Lugude na taro ne, niƙa na kaɗaici. Mace ta durƙusa gaban dutse, sau da yawa tun da sauran duhu, tana tura ɗan dutsen gaba tana dawo da shi, jikinta na rausaya da shi. Sautin dutsen a ƙasa yake, mai gurnani, waƙar da ke hawa kansa ita ma doguwa ce mai jan rai. A nan ake jin abin da ke cikin zuciyar mace. Ta tuna gidansu da ta baro, ta ambaci uwarta da ta rasu, ta yabi ɗan'uwanta da ya tafi cirani bai aiko ba. A nan kuma ake sakin habaici. Matar da ba ta iya kama sunan mijinta, ba ta iya ɗaga ido ta kalli uwarsa, sai ta saka kokenta cikin waƙa, ba suna, ba nuni. Kishiya tana ɗaki tana ji, uwar miji tana alwala tana ji, maigida ma yana ji, kuma duk sun gane inda aka dosa. In an tanka ta ce waƙa take yi. Sau da yawa maigida mai hankali daga waƙar niƙa yake gane cefane ya gaza ko rabon kwana ya karkace, ya gyara ba tare da an kai ga zaman sulhu ba.

Akwai kuma daɓe, wanda yaran yanzu da suka tashi a kan siminti da tayil ba su san shi ba. In za a kawo amarya ko an gina sabon ɗaki, sai a gayyato matan unguwa, a baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, kowacce ta durƙusa da madaɓinta. Ɗaya tana bayar da waƙa, saura na amshi, madaɓai na sauka tare kamar hannu ɗaya. In bugun bai zo daidai ba daɓen ma ba zai kwanta daidai ba, wani wuri ya yi tudu, wani ya yi kwari. A wurin daɓe bakin mata yakan buɗe fiye da ko'ina, don babu namiji a kusa, waƙoƙin ma wasu ba a maimaita su gaban yara.

Maza su ma ba a bar su a baya ba, sai dai nasu salon daban ne. Ranar gayya mai gona yakan kira makaɗa da gangar noma su bi bayan samari kunya-kunya, ana kirari ana zuga, wanda ya riga kai gefen gona ya ɗaga fartanya ya yi ihu. Mahauta da kalangu aka san su, maƙera da dundufa. In ka bi ta marinar Ƙofar Mata a Kano ka leƙa rumfar masu bugu, za ka tarar da mutum biyu zaune suna fuskantar juna, shadda ko baƙin rini shimfiɗe a kan gungume, sanduna na sauka bi da bi har yadin ya ɗauki ƙyalli. Lugude ne sak, da kayan aiki na maza. Bambancin da na lura da shi shi ne, namiji yakan nemi makaɗi ya biya shi, mace kuwa ita ce makaɗiyar kanta, ita ce mawaƙiya, ita ce mai rawa, kuma tuwo na jiran ta.

Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da kiɗan mata na fili ya fito daga madafa. Kiɗan ƙwarya ba komai ba ne illa ƙoren gida da aka kife, wasu a ƙasa, wata a kan ruwa cikin masaki, ana bugu da 'yan sanduna. Shantu ma ɗan'uwan ƙwarya ne, daga gona guda suka fito. Da kiɗan ƙwarya Uwaliya Mai Amada ta yi suna a Kano, da shi ne kuma Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta cika gidajen biki shekara da shekaru tana zuga mata su tashi su nemi na kansu. Duk wanda ya saurari Barmani da kunnen wanda ya tashi a tsakar gida zai ji turmi a ƙarƙashin kiɗanta, ya ji habaicin mai niƙa a bakinta. Abin da mata ke yi a ɓoye ne ta fito da shi gaban lasifika.

Sai zamani ya juya. Injin niƙa ya shigo gari, aka fara tura yara da kwano a kai, dutsen niƙa ya koma bayan ɗaki ana wasa wuƙa a kai. Rediyo ya maye gurbin murya. Tashar Kaduna da aka buɗe a 1962 ta shiga kusan kowane gida, ana rataye akwatin a reshen bishiyar tsakar gida, ana wanki ana jin zaɓi-sonka, Shata na kwararo waƙa ana cuɗa kaya da kalangunsa. Tela a shagonsa, mai ɗinkin hula a zaure, mai kitso da kan wata a cinyarta, kowa da rediyonsa. Yau waya ce. 'Yar ƙanwata a Kano ba ta ɗaukar tsintsiya sai ta kunna waƙar fim ta jingina wayar a taga, tana shara tana karkaɗa kafaɗa, ta ce in babu sauti jikinta mutuwa yake yi. Uwarta kuma, da ta ji malamai na faɗakarwa a kan kiɗa, sai ta koma ƙasidun bege da karatun Alƙur'ani, amma na lura wanke-wankenta ma yana bin tashi da saukar muryar mai karatun. Jiki dai yana neman abin da zai hau.

Ba zan yi ƙaryar cewa ina son a koma jiya ba. Na ga tafin hannun Goggo, kanta ta yi masa sulke, na ga yadda bayanta ya ranƙwafa tun ba ta tsufa can ba. Injin nan rahama ne, duk mai kukan ɓacewar turmi ya fara ɗaukar tabarya ya surfa tiya biyu tukuna. Abin da ke ci mini rai daban ne. Mai niƙa waƙarta take yi, da damuwarta, da sunan garinsu, da mutanen gidanta a ciki. 'Yar ƙanwata waƙar wani take ji, wanda bai san ta ba, bai san abin da ya hana ta barci jiya ba. Kuzarin tana samu, amma bakin da ake faɗin magana da shi a fakaice ya rufe, kuma waƙoƙin da kakanninmu suka ƙirƙira a gaban dutse suna bin masu su kabari ɗaya bayan ɗaya.

Bara mun je suna a ƙauye, aka wayi gari injin garin ya lalace, ga baƙi cike da gida ana son fura. Aka jawo turmi daga rumfa aka kakkaɓe. 'Yan matan suka kama, minti kaɗan tabare suka fara karo, ana ta dariya, gero na zuba ƙasa kaji na tsincewa. Goggo tana zaune a kan tabarma da carbinta, yanzu sai da sanda take tashi. Ta kalle su ta kalle su, sai ta ajiye carbin ta fara tafa musu da hannu, a hankali, tana cewa, "Ke shiga, ke fita, kar ki kalli turmin, ki saurari 'yar'uwarki." Ba a jima ba bugun ya daidaita. Daga can cikin ɗaki wata tsohuwa ta ɗauko waƙa, muryarta na rawa, biyu daga cikin sa'o'inta suka amsa. 'Yar ƙanwata, tabarya a hannu, zufa a goshi, ta juyo ta ce, "Goggo, a maimaita, ban kama amshin ba."