Wace Bakandamiya? Matsalar Tantance Tarihin Naɗar Waƙoƙin Shata

Duk manazarcin da ya ce yana aiki a kan Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata, ya kamata a fara tambayarsa: wacce daga ciki? Shata bai rera ta sau ɗaya ya rufe ba. Ya yi ta maimaita ta tsawon shekaru, yana ƙara wasu ɗiya, yana zubar da wasu, gwargwadon zamani da mutanen da ke gabansa. Don haka kowace naɗa matani ce mai cin gashin kanta.

Na'urar ma tana da hannu a cikin matanin. Fuska ɗaya ta babban faifai, irin waɗanda kamfanin EMI ya fitar masa, ba ta wuce kimanin minti ashirin, alhali a dandali sai makaɗin ya ga dama yake tsayar da kalangu. Gidan rediyo kuwa yana datse waƙa daidai da lokacin shiri. Kaset ne ya fi dagula lissafi: ana kwafa daga kwafi, zare ya ƙare a tsakiyar amshi, mai shago ya cike gurbin da wata waƙar, ba kwanan wata, ba sunan wuri, balle sunayen makaɗa da 'yan amshi.

Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, daf da Gyaɗi-Gyaɗi. Abin da masu tura waƙa a waya ke bai wa ɗalibai yau a wannan unguwa da Tarauni jikokin waɗancan kaset-kaset ne, kuma abin takaici, daga nan kundayen digiri da dama suke ɗebo misalansu ba tare da faɗin wace naɗa ba ce.

Sai dai waƙar kanta takan ba da shaida. Ambaton naira na nuna ba a naɗe ta kafin 1973 ba. Ambaton Jihar Katsina, ba kafin 1987 ba. Haka ma sarautar da aka kira wani da ita. Amma shaidar gefe ɗaya take aiki. Jin fam a bakin Shata bai tabbatar da tsufan naɗa ba, domin Hausawa sun daɗe suna kiran naira biyu fam bayan canjin kuɗi.