Salon haruffan da ke nuna 'zamani mai zuwa'

Duk wanda ya taɓa duba sunan kamfanin Casio a fuskar agogo ko na'urar lissafi, ya ga wani salon rubutu mai kauri da faɗi, wanda haruffansa ke kama da akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi.

Masu talla da masu shirya fina-finai kan zaɓi irin wannan salo idan suna son nuna ci gaban kimiyya da fasaha. To sai dai salon ya haura shekaru 70 a duniya.

Daga birnin Turin

A shekarar 1952 ne Alessandro Butti da Aldo Novarese suka zana salon da ake kira Microgramma, a kamfanin Nebiolo mai ƙera haruffan ɗab'i a birnin Turin na ƙasar Italiya.

Manyan baƙaƙe kaɗai salon ya ƙunsa. A 1962 Novarese ya sabunta shi, ya ƙara masa ƙananan baƙaƙe, ya kuma raɗa masa suna Eurostile.

Sirrin salon yana cikin siffarsa. Harafin O, alal misali, bai cika zagaye ba, bai kuma cika murabba'i ba. Ya fi kama da fuskar akwatin talabijin na wancan lokaci, ko tagar jirgin sama, wato abubuwan da jama'a ke yi wa kallon sabbin ƙere-ƙere.

Rawar da fina-finai suka taka

Fim ɗin 2001: A Space Odyssey, wanda Stanley Kubrick ya fitar a 1968, ya ƙara wa salon farin jini, domin irin waɗannan haruffa ne suka bayyana a allunan kwamfutar kumbon da ke cikinsa.

Daga nan sauran fina-finan sararin samaniya suka bi sahu, har ta kai ga ganin haruffan kawai ya isa ya shaida wa mai kallo cewa labarin na wani zamani ne da bai zo ba.

Inda gizo ke saƙa

Faɗin haruffan na sa a iya karanta su daga nesa, amma suna cin wuri, kuma suna gajiyar da ido a dogon rubutu. Shi ya sa aka fi ganinsu a kanun labarai da allunan talla da tambura.

Haka kuma yawan amfani da salon kan sa tamburan kamfanoni su yi kama da juna, alhali manufar tambari ita ce a bambanta mai shi da saura.

Ga masu rubutu da Hausa akwai ƙarin matsala: da yawa daga cikin irin waɗannan salo ba su da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Idan babu su, kwamfuta kan aro harafin daga wani salo daban, ko kuma mai zane ya jefar da lanƙwasar, sai 'ƙasa' ta koma 'kasa'.