Yadda Ganyen Masara Ke Miƙa Hasken Rana Hannu da Hannu

Mu 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mun san masara da dawa tun muna goye. A darasin kimiyya an koya mana cewa ganye na haɗa abinci da hasken rana da ruwa da iska. To, yaya hasken yake isa wurin da ake haɗa abincin?

A cikin ganye akwai ƙananan ƙwayoyin sinadari da ake kira kulorofil. Su ne suke sa ganye ya yi kore. Idan haske ya bugi ƙwaya ɗaya, sai wani ɗan ƙaramin abu a jikinta mai suna ilektiron ya yi tsalle zuwa matakin sama, ɗauke da ƙarfin hasken. Ilektiron biyu-biyu suke zama, kowane yana juyi saɓanin abokinsa. In ya hau sama bai sauya juyinsa ba, masana suna kiran wannan yanayi singilet. Ba singiletin da muke sawa a ƙarƙashin yunifom ba ne fa!

Matsalar ita ce wannan yanayi ba ya daɗewa. A raba sakan ɗaya gida biliyan, 'yan gidaje kaɗan yake yi. In ƙwayar ba ta miƙa ƙarfin da wuri ba, sai ya salwanta, ya zama zafi ko ɗan jan haske. Kuma yawancin ƙwayoyin ba su ne ke fara haɗa abinci ba, aikinsu tara haske kawai. A 1932 wasu masana biyu a Amurka, Emerson da Arnold, sun gano cewa kafin a samu ƙwaya ɗaya ta iskar oksijin, sai kulorofil wajen 2,500 sun yi taron dangi.

Ga dabarar. Mu ɗauka muna layin asambuli, na baya ya taɓa kafaɗar na gabansa, shi ma ya taɓa na gaba, har saƙo ya kai gaban layi. Ba wanda ya bar wurinsa. Haka ƙwaya ke miƙa wa maƙwabciyarta ƙarfin: nata ilektiron ya sauko, na maƙwabciyar ya hau, har a kai cibiyar da aikin yake farawa.

Wani Bajamushe, Theodor Förster, ya yi bayanin wannan a 1948. Sharaɗin shi ne kusanci: kada ratar ta wuce nanomita 10. Nanomita ɗaya kuwa milimita ce aka raba gida miliyan. In aka ninka ratar sau biyu, saurin miƙawar zai ragu sau 64. Shi ya sa ƙwayoyin suke jere daf da juna.

Ina ruwan manomi da wannan? Kowace kulorofil tana da naitirojin guda huɗu a jikinta, shi ne sinadarin da ke cikin takin yuriya da takin gida. In ya yi ƙaranci a gona, ganyen ƙasa ya fara rawaya daga baki, masu tara haske sun ragu, goyon masara ya ƙanƙance. Haka ma in muka zage ɗanyen ganye don dabbobi kafin masara ta nuna, buhunan gidanmu muke ragewa.

Idan an yi hutu, mu duba ganyen gonakinmu, mu gaya wa iyayenmu abin da muka gani. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Daga Kulob ɗin 'Yan Jarida, aji biyu, ƙaramar sakandare