Yadda masana ke neman makamashi daga ruwa da hasken rana

A watan Oktoban 2025 ne Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi suka lashe kyautar Nobel saboda ƙirƙiro MOF, wani abu mai ramuka kamar saƙar zuma, waɗanda ido ba ya iya gani.

Masana na cusa sinadarin cadmium sulfide cikin waɗannan ramuka. Sinadarin kan yi amfani da hasken rana ya fitar da iskar haidurojin daga ruwa, wadda ake ƙonawa ba hayaƙi. Matsalarsa ita ce ƙwayoyinsa kan dunƙule, aikinsu ya ragu. Ramukan ne ke raba su, kowace da ɗakinta.

Sai dai da sauran rina a kaba: cadmium guba ne, kuma haɗa MOF da yawa na da tsada.