Raƙumi da Zafin Rana



Duk wanda ya taɓa shan ruwan randa a tsakiyar bazara ya san abin da za mu tattauna yau. Ruwa kan tsattsafo ta jikin randa, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Haka jikinmu yake yi da zufa. Ko a hunturun Jos kake, ko a zafin Sakkwato, zafin cikin jikinka yana nan wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas. Wani ɗan sashe a ƙasan ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira haifotalamas, shi ke gadin wannan ma'auni. In jini ya ɗumama, sai zufa ta karyo. In ya yi sanyi, sai makyarkyata ta kama mutum.

To amma zufa tana da tsada. Manomin da ke huɗa cikin rana yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya. In bai mayar ba, jiri ne zai fara, abin da ke biyo baya kuwa ba ya da daɗin faɗa. Yara da tsofaffi su suka fi saurin galabaita, don haka a riƙa kai musu ruwa tun ba su nema ba.

Raƙumin da ke ratsa hamadar Tenere, daga Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri, fa? Mutane da yawa sun ɗauka ruwa yake ajiyewa a tozo. Kitse ne a ciki. Dabarar tana wani wuri, kuma wani masani haifaffen Norway, Knut Schmidt-Nielsen, shi ya auna ta a Beni Abbas ta ƙasar Aljeriya, tsakanin 1953 da 1954. Ya tarar raƙumin da ya kwana biyu bai sha ruwa ba yakan wayi gari da zafin jiki wajen digiri 34. Rana na ɗagawa, zafin na hawa, shi kuwa bai fara zufa ba, har sai ya haura digiri 40. Da dare ya yi, sanyin hamada ya kwashe zafin nan kyauta. Raƙumi mai nauyin kilo 500 yakan yi tsimin ruwa kusan lita 5 ta wannan hanya a yini guda.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ranar da ya samu ruwa ya ƙoshi, sai ya bar wannan tsimi. Zafin jikinsa ba ya hawa da sauka fiye da digiri 2, yana zufarsa kamar kowa. In ya iso bakin rijiya da ƙishirwa kuwa, yana iya shanye lita 100 kafin mai ayari ya gama sauke kaya.