Ba kullum laifin sabis ba ne: Yadda kebul ɗin cikin bango ke rage gudun intanet a Palladan

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kwamfuta a Palladan yana jiran shafin rajista ya buɗe, ya san amsar da ake bayarwa idan abu ya ƙi tafiya: babu sabis. Da ita ake sallamar ɗalibin da ya zo biyan kuɗin makaranta, da ita ake ba mai neman aiki haƙuri ana saura awa biyu a rufe shafi.

Sau da yawa gaskiya ne. Amma akwai lokutan da sabis ɗin ya iso lafiya har bakin ƙofa, sai ya lalace a cikin ginin, a 'yan mitocin da ke tsakanin na'urar rarraba intanet da kwamfutar. Wannan tazara ba faiba ke ɗaukarta ba, kebul ne na jan ƙarfe, wanda ake binnewa a bango ko a jefa cikin silin a manta da shi.

Palladan na kan hanyar Sakkwato, tsakanin Kwangila da Samaru. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, ga Jami'ar Ahmadu Bello a gaba kaɗan. Inda ɗalibai suka yi yawa haka, shagunan buga takardu da cibiyoyin koyon kwamfuta ba sa rasa ciniki. Sannan tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A zauren jarrabawa, inda ake jera kwamfutoci kusan 250, tambayoyin suna fitowa ne daga uwar kwamfuta da ke cikin cibiyar, ta kebul. Idan kebul ɗin kujera guda ya samu matsala, yaron da ke kanta ne zai ga shafinsa ya tsaya yayin da na kusa da shi ke ci gaba da amsa tambayoyi.

Me ya sa aka murɗe wayoyin?

Wanda ya yanka kebul ɗin intanet zai ga ƙananan wayoyi takwas, an haɗa su biyu-biyu an murɗe kamar igiya: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowace da farar abokiyarta. Murɗin ba ado ba ne. Shi ne babban makamin kebul ɗin.

Duk wayar da lantarki ke bi tana watsa wani ɗan maganaɗisu a kewayenta, kuma wayar da ke kusa tana ɗaukarsa. Dattawan da suka yi zamanin tarhon NITEL sun san abin: kana magana da ɗan'uwanka a Kaduna, sai ka riƙa jiyo hirar wasu can ƙasa-ƙasa a layin. A zance, kunne na iya tace wannan katsalandan. Ga bayanan da ke gudu miliyoyi a daƙiƙa, ɗan kutse kaɗan ya isa ya mayar da sifiri ya koma ɗaya.

Dabarar da aka yi ita ce a aika saƙo ɗaya ta wayoyi biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a juye, na'urar da ke karɓa kuma ta karanta bambancin da ke tsakaninsu kawai. Tunda an murɗe su, duk hayaniyar da ta zo daga waje tana taɓa su kusan daidai wa daida, don haka idan aka ɗebe wannan daga wancan sai hayaniyar ta ɓace, saƙon ya rage. Alexander Graham Bell ne ya yi rajistar wannan dabara a Amurka a 1881, kuma har yau ba a sami abin da ya maye gurbinta a kebul ɗin ofis ba. An ma ƙara wata hikima: kowane tagwaye a cikin huɗun yana da nasa tsananin murɗi, don kada su jeru kafaɗa da kafaɗa su riƙa leƙa sirrin juna.

Inda ake ɓata aikin

Mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne a kan kebul ɗin, wajen sanya masa ɗan kan roba da ake cusawa a kwamfuta. Ƙa'ida ita ce kada a warware murɗin fiye da milimita 13. Mai sauri yakan warware tsawon ɗan yatsa don wayoyin su shige cikin sauƙi, kuma a daidai wurin katsalandan ke shiga.

Akwai kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa. A kan kebul, rami na 3 da na 6 dole su fito daga tagwaye ɗaya. Wanda ya koyi aikin da ka yakan jera launukan bi da bi yadda suka yi masa kyau a ido, ya yi haka a duka ɓangarorin biyu. Ƙaramar na'urar gwajin nan mai fitilu za ta haska ɗaya zuwa takwas, ya ce aiki ya yi. Ita kuwa abin da take dubawa kawai shi ne ko wuta na wucewa. An raba tagwaye, kariyar ta tafi, kuma da zarar kebul ɗin ya yi tsawo sai gudun ya faɗi.

Abin da ke sa ba a gano irin wannan da wuri shi ne kwamfuta ba ta ƙorafi. Idan wani ɓangare na saƙo ya iso a lalace, sai a jefar da shi a sake aikowa. Mai amfani ba ya ganin komai sai jinkiri, shi kuma ya ɗora wa kamfanin sadarwa.

Sai batun kebul ɗin kansa. A kasuwa, daga Sabon Gari har Kano da Legas, kwalin mita 305 na iya ɗauke da rubutun Cat6 alhali abin da ke ciki alminiyom ne da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Alminiyom na wuce da kusan kashi 60 cikin 100 ne kawai na lantarkin da jan ƙarfe mai kaurinsa zai wuce da shi, ga saurin karyewa idan an lanƙwasa. Ya fi zama haɗari ga kyamarorin tsaro da ke shan wutarsu ta cikin kebul ɗin, domin yana ɗaukar zafi. Gane shi ba wuya: a kankare waya guda da reza, idan fari ya bayyana a ciki, to ba jan ƙarfe ba ne. Rangwamen da aka samu a kwalin ba zai biya kuɗin fasa bango a sake jan wani ba.

Janareta, walda da kwanon rufi

Don gudun kashe kuɗi, ana yawan cusa kebul ɗin intanet a bututu ɗaya da wayar wuta. Wutar ita kaɗai ba ta cika yin illa ba. Matsalar ita ce tartsatsin da ke bin ta lokacin da aka juya daga NEPA zuwa janareta, ko injin ruwa ya tashi, ko mai walda a shagon gaba ya ɗana sandarsa. Maganin shi ne a raba musu hanya, inda kuma ya zama dole su haɗu, su gicciye juna maimakon su yi tafiya tare. Akwai kebul mai rigar ƙarfe da aka yi don irin waɗannan wurare, sai dai rigar ba ta aiki sai an haɗa ta da ƙasa yadda ya kamata.

Iyakar tsawon kebul mita 100 ne, kuma an ƙiyasta hakan ne a yanayi mai sanyin digiri 20. Cikin silin, ƙarƙashin kwano, a watan Afrilun Zariya, zancen ya sha bamban: zafi na ƙara raunana sigina, don haka mita 100 ɗin ma ba ta cika ba. Da damina kuma, kebul ɗin da aka ja a sarari daga gini zuwa gini yana iya kwaso ƙarfin tsawa ya ƙone na'urorin ɓangarorin biyu. Tsakanin gine-gine faiba ce ta dace, domin gilashi ne da haske, babu ruwanta da maganaɗisu.

Yadda Turai ta tatsi tsohuwar waya

A ƙasashen da wayar tarho ta shiga kowane gida, injiniyoyi sun yi shekaru suna yaƙi da wannan matsala, domin layukan ɗaruruwan gidaje suna tafiya ne a dami ɗaya. A 2010 Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta amince da wata fasaha da ake kira bektorin. Na'urar da ke bakin titi tana auna yadda kowane layi ke kutsa wa maƙwabcinsa, sai ta aika kishiyar kutsen tun kafin ya faru, su kashe juna a hanya. Da ita Jamus ta kai gudun megabit 100 zuwa gidaje ta tsoffin wayoyin tarho.

Nijeriya ba ta bi ta nan ba. Wayar salula ta zo a 2001, layukan NITEL suka mutu a hankali, aka miƙa ragowar kadarorin kamfanin ga NATCOM a 2015. Amma irin wannan lissafi yana nan cikin kwamfutocin Palladan. Tsarin gigabit da aka fitar a 1999 yana amfani da duka tagwaye huɗun a lokaci guda, kuma ƙwaƙwalwar da ke bayan ramin kebul tana lissafa kutsen tana gogewa. Idan tagwaye ɗaya ya karye, na'urori da yawa sukan sauka shiru zuwa megabit 100, wanda tagwaye biyu suka ishe shi.

A nan ne mai shago ko mai cibiya zai iya fara bincike ba tare da ya kira kowa ba. Ya buɗe bayanan haɗin kebul a kwamfutar ya duba gudun da ta nuna. Idan ita da na'urar rarrabawar duka masu gigabit ne, amma ya ga 100 maimakon 1000, ya sauya kebul ɗin da wani gajere da ya tabbatar da lafiyarsa. Idan lambar ta koma 1000, sai a yanke kan tsohon a sake ɗaurawa, a kuma kankare waya guda a ga launin cikinta.